Kwamfutar Da Ba Ta Jira Auta Ba

Injiniya, kai ka cire wa 'yata magana daga baki. Kai, ba wani ba. Kai mai farin gilashi da baƙar jakar goyo, mai durƙusa min har ƙasa kana "Umma, ina wuni." Na san kana leƙa shafin nan, don da hannunka ka buɗe wa Auta shi. To gyara zama ka karanta.

Ku kuma masu turo min bidiyon kuna tambaya wai wannan ba 'yarki ba ce, 'yata ce. Na gani. Ina wurin, a kujerar gaba. Ku daina turowa.

Ni ko bihim ban sani ba. Maƙwabciyata Mai Kemis ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na gaya mata duk kalmar da ta tausasa min ban yafe ba.

Sana'ata amshi. Tun ina budurwa nake tsayawa bayan mawaƙa mata a wurin taro, su rera, mu amsa. Da ita na ci, da ita na ciyar da yara bayan rasuwar babansu. Auta ce ta ƙarshe, kuma da in'ina ta tashi. In ka aike ta shago sayen sabulu sai ta dawo da sukari, don mai shagon ya gaji da jiran "s-s-s" ɗinta ya ƙarasa mata da abin da ya ga dama, ita kuma kunya ta hana ta musa. Amma wata rana ina wanki ina rera abina, sai na ji wata siririyar murya ta ɗauka daga bayan randa, tas, babu tuntuɓe ko ɗaya. Na saki zanin da ke hannuna cikin kumfa. Yarinyar da ba ta iya faɗin sunanta, ga ta tana zuba baiti kamar ana tsiyaya mai.

Da ta girma sai muka juya. Ita a gaba, ni da ƙawayena biyu a baya.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da ya zama dole. In Auta ta shiga baiti, ta shiga ke nan, ba mai tare ta. Shigar ce aiki. Wani lokaci kalmar farko takan maƙale mata a wuya, sai kafaɗarta ta hagu ta ɗan ɗaga. Daga baya nake, ƙeyarta da kafaɗar nan kawai nake kallo. In na ga ta ɗaga sai in sake zagayo da amshin, in ƙara masa ado, ƙawayena su bi ni, mai kiɗa ya bi mu. Sau biyu, sau uku, yadda ta kama. In kafaɗar ta sauka sai in saki, ta faɗa ciki. Mutane suna cewa salon gidanmu ne, jan amshi. Ba salo ba ne. Jira ne.

Injiniya a situdiyonsa muka san shi, ranar da muka je ɗaukar tallar wani shagon takalma. Auta ta tsaya gaishe shi, gaisuwar ta ƙi fita. Na buɗe baki zan ƙarasa mata, sai na ga ya ɗaga min hannu kaɗan, idonsa a kanta, ya jira har ta kai ƙarshe da kanta. A raina na ce wannan ɗan wa ye haka.

Daga nan ya fara zuwa gida. Su zauna a baranda, shi a kujerar roba, ita a kan tabarma tana wasa da bakin mayafinta. Ina daga kicin sai in ji shiru mai tsawo, in leƙa ta taga, in tarar magana take haƙowa, shi kuma ya tallafe haɓa yana jira kamar ba shi da wurin zuwa a duniya. Ko a waya bai yarda ta rubuta masa ba. Na ji da kunnena yana cewa, "Kar ki rubuto min, muryarki nake so." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta yi ta fama da saƙon murya, abu uku za ta faɗa ta cinye rabin cajin wayar, ya saurara duka, ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Baffanta, ƙanen babanta, har cewa ya yi wannan yaro Allah ne ya jefo mana shi. Ni ma na faɗa. Ba zan yi ƙarya ba don ina fushi.

Sai aka gayyaci Auta ta yi waƙa a bikin yaye ɗaliban wata makarantar ɗinki. Injiniya ya ce yana da dabara, mu zo situdiyo.

Ɗakin nan bangonsa duk soso ne kamar an manna katifu, ba taga, sanyi kamar cikin firji. Ya zaunar da ni, ya kifa min wasu abubuwa a kunnuwa kamar murafen kwano.

"Umma, ki yi min amshin sau uku. Ɗaya da muryar ƙasa, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya ki ɗaga."

Na yi masa amshin: keke na juyi, hannu na aiki, yadi ya zama riga. Ya danna wani abu, sai ga ni mu uku muna amsa wa juna.

Na ce, "To wacce ce ni a ciki?"

"Duk ke ce, Umma."

"Ta ƙasan nan mura take yi, a ba ta magani."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ina tuna dariyar nan yanzu kamar abin da aka ba ni aro aka karɓe.

Ya juyo da fuskar kwamfutar wajena. Layuka ne a kwance, kala-kala, kamar igiyoyin shanya.

"Kin ga takwas ne. Na sama kiɗa, ukun da ke bin sa naki ne. Huɗun ƙasan nan babu komai a kansu, na Auta ne. Kiɗan zagaye yake yi, ya je ƙarshe ya dawo farko. In amshinki ya zagayo sau biyu zai yi ƙasa, layi na biyar ya buɗe ya ɗauki abin da ta rera. Zagayen na cika zai rufe, ya fara maimaita abin da ya ɗauka, na shida ya buɗe ta ɗora wata muryar a kai. Haka har na takwas. A gaban jama'a za ta gina waƙar, ita kaɗai, a ji kamar mata cike da dandamali."

"Wa zai riƙa buɗewa da rufewa?"

"Ba kowa. Na tsara shi tun daga nan, shi zai yi abinsa. Daɗin abin ke nan."

"In ta makara fa?"

"Ba za ta makara ba. Mun gwada ba adadi."

Na ce, "Abin naka yana ganin kafaɗa?"

Ya kalle ni bai gane ba. Auta ta taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Duk da haka da za mu fita na ja shi gefe a bakin ƙofa, na ce masa yarinyar nan wani lokaci sai an jira ta. Ya yi murmushi ya ce, "Umma, wa ya kai ni jiranta?" Gaskiya ya faɗa, sai na bar maganar.

A gida Auta ta zo ta zauna a bakin gadona tana matsa min gwiwa, don ta san tsayuwa ta fara gagarata. Ta daɗe tana kokawa kafin ta fito da shi.

"U-umma, tun ina ƙarama ƙ-ƙeyata kike kallo. Ki zauna a gaba, ki ga fuskata ko sau ɗaya."

Wace uwa ce za ta ce a'a?

Ranar taron da la'asar aka fara. Babban zaure ne mai fankoki a sama, kujerun roba farare, an jera kekunan ɗinki sababbi a gefe an ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Iyaye, ƙanne, samarin ɗalibai, wuri ya cika har bakin ƙofa. Auta ta sa doguwar riga ruwan zuma mai faɗin hannu, ɗan kunne ƙanana, ta yafa siririn mayafi a kafaɗa ɗaya. Ni na ciro farin leshina daga ƙasan akwati yana warin kafur, na matsa ƙafata cikin takalmin da ya yi min kaɗan, na zauna a gaba kamar matar wani babba.

Injiniya ya ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur a gefen dandamali, ya jona wayoyinsa, ya kulle fuskarta don kar yara su taɓa. Ya ɗaga wa Auta babban yatsa. Sannan ya ɗauki kyamararsa mai ƙafa uku ya tafi can ƙarshen zauren, bayan kowa, wai daga can hoto ya fi kyau.

Kiɗa ya tashi. Sai ga muryoyina uku daga lasifika, sun cika wurin. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Masu amshin a ina suka ɓuya?" Na yi mata banza, ina kallon 'yata. Ashe haka fuskarta take in za ta yi waƙa. Ashe lumshe ido take yi.

Amshi ya zagayo sau ɗaya. Ya kama na biyu. Sai na ga kafaɗar ta ɗaga.

Bakina da kansa ya ɗauko amshi na uku daga inda nake zaune. Amma wa zai ji ni? Matan nan uku na cikin lasifika, masu muryata, suka yi ƙasa abinsu kamar yadda aka umarce su. Suka sake ta.

"Barka" za ta ce. Kalmar ke nan, barka da yaye.

"Ba... ba-ba... ba..."

Har zagayen ya cika ba ta wuce nan ba. Da mutum ne a bayanta da an rufe, ba wanda zai sani. Abin nan kuwa ya ɗauka ya adana, ya dawo da shi ta lasifika da ƙarfi, kuma don rashin imani ya zauna daram a kan kiɗan kamar da gangan aka yi. Ba, ba-ba, ba. Keke na juyi, hannu na aiki. Ba, ba-ba, ba.

Ta buɗe ido. Ta waiga baya, inda na saba tsayawa. Labule kawai ta gani. Makirufo na bakinta ta ce, "Um-um-umma." Layi na shida ya riga ya buɗe. Ya ɗauka.

Wani yaro ne ya fara dariya daga tsakiya, sai ta bazu. Ban ce duk mugaye ba ne, wasu sun ɗauka wasan ke nan, har da masu tafi. Layi na bakwai ya kwashi dariyar da numfashin 'yata yana sarƙewa, ya dawo musu da ita, suka ji dariyarsu suka ƙara wata.

Ban san yadda na hau dandamalin nan da gwiwoyina ba. Takalmi ɗaya a ƙasa na bar shi. Na rungumo ta ina cewa a kashe abin nan, a kashe. Na takwas ya ɗauke ni ni ma. Yanzu ga in'inarta, ga kiran da take min, ga dariya, ga ihuna, ga amshina mai daɗi a ƙarƙashi yana ta juyi, duk a tare, suna zuwa suna dawowa.

Na ga waya a ƙasa na fizge. Ashe ta makirufon ce. Abin da ke hannun 'yata na kashe, wancan bai ko girgiza ba. Na je kan kwamfutar na daddanna duk abin da yatsana ya samu, ta fito min da wani ɗan akwati tana jiran a rubuta mata abin da ban sani ba. Na bi wayarta har bango na zare. Ashe tana da wutarta a ciki. Na tsaya a gaban ɗaruruwan mutane da waya a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina jin kaina ina ihu daga sama.

Sai can Injiniya ya iso yana ture mutane. Yatsa ɗaya ya sa. Shiru.

Auta tana tsaye inda na bar ta, bakinta a buɗe, kafaɗar tana sama. Har muka isa gida ba ta sauka ba.

Tun ranar ko tari ban ji ta yi da murya ba. Likita ya haska maƙogwaro ya ce lafiya lau, a ba ta lokaci. Lokacin me? Yaran layinmu sun mayar da abin waƙar tsalle. Mai Kemis ta ce wani ya shigo sayen maganin ciwon kai, wayarsa ta yi ƙara, sai ta ji "um-um-umma" daga aljihunsa. Ta ce ta kore shi ba ta sayar masa ba. Na gode mata, amma mutum nawa za ta kora?

Auta ta koma rubutu a waya, ni kuma ba na karatu. Da Injiniya ya ji haka, sai ya turo mata wani abu da ke karanta rubutu da baki. Mutumin da ya ce kar ki rubuto min. Yanzu in na kai mata abinci sai ta daddanna, wata mata da ban sani ba ta amsa min daga cikin wayar, murya a miƙe kamar mai kiran layi a asibiti.

"Umma. Na ƙoshi."

"Umma. Ki ja ƙofar."

Sau ɗaya Injiniya ya zo gidan tun ranar. Ya durƙusa a tsakar falo, ya rame, ban hana shi wannan ba. Ya buɗe kwali ya fito da wani baƙin abu kamar matakin keken ɗinki.

"Umma, matsalar daga tsarin ce, na gyara. Yanzu layi ba zai buɗe ba sai ta taka wannan da ƙafarta. Ko zagaye goma take so, zai jira ta."

"Ashe ana iya sa shi ya jira."

Ya sunkuyar da kai.

"Da ka ji ta maƙale, me ya tsayar da kai a bayan kyamara?"

"Na ɗauka za ta kama a zagaye na gaba."

"Da na gaban ya zo ta kira ni fa?"

Ya juya matakin a hannunsa.

"Da aka fara dariya fa? Ni mai ciwon gwiwa na riga ka isa. Me kake kallo?"

Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Ya ce zai dawo. Ya bar min matakin a kan tebur, yana nan har yau, na ɗora masa kofin shayi, ya zama abin ajiye kofi. Bai dawo ba. Saƙo yake turo mata, wayar tana haske a ƙarƙashin filo.

Wanda ya zo shi ne Baffanta, da babbar rigarsa da carbinsa, ya zauna a kujerar marigayi.

"Ki rufa mana asiri ki bar maganar nan. Yaro ya ce yana nan a kan bakansa na aurenta, iyayensa ma ba su janye ba. Yarinyar da gari ke waƙa da ita, wa kike gani zai zo bayansa?"

"Baffan yara, ba miji na ce na rasa ba. Muryar 'yata nake nema."

"Kuskuren na'ura ne. Za ki kai na'ura ƙara?"

"Na'urar ita ta kai kanta zauren?"

Ya ce a kira Auta. Ta fito da zanin da ta kwana da shi, gashi ba gyara, ta tsaya a jikin ƙofa. Ya tambaye ta ko ta yarda a tsayar da rana. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta danna.

"Na amince," in ji matar cikin waya.

Baffa ya shafa gemu. "To kin ji. Ni wallahi hakan ma ya fi sauƙi, an huta da jira."

Na ce masa ya tashi daga kujerar mijina. Ya ce ba ni da kunya. Na ce na bar ta a zauren taro tare da takalmina. Ban san ko 'yata ta amince ba, ban san ko gajiya ta yi ba. Da bakinta ne da na gane, don na san yadda e ɗinta take fita da yadda a'a take maƙalewa. Wannan matar ta waya duk abin da aka ba ta da murya ɗaya take faɗa.

Jiya da hantsi na gama shanya, na wuce ta ƙofar ɗakinta. Tana zaune a kan gado ta ba ƙofa baya, tana fuskantar bango. Ƙeyarta ce a gabana, da kafaɗar. Wurina na da. Na zauna a dokin ƙofa a hankali. Ban ɗauko waƙar makarantar ɗinki ba, Allah ya kiyaye. Na ɗauko tsohuwar waƙar wankin nan da ta fara kamawa daga bayan randa, na yi amshin ƙasa-ƙasa.

Na zagayo. Na sake zagayowa. Kafaɗar tana sama. Na ce a raina ko zuwa magariba ne ina nan, ni ba a tsara ni ba. Na ƙara ado, na ja, na dawo. Sai na ga bayanta ya motsa, ta ja numfashi irin wanda na sani, kafaɗar ta fara sauka. Na saki amshin. Na bar mata ƙofa a buɗe.

Na ji ƙarar yatsu a kan gilashin waya.

"Umma. Ki daina. In na ji muryarki, dariyar nake ji tana biyowa."

Mai Kemis ta ajiye wayar da take min rubutu a nan ta ce in sha ruwa tukuna. Na ce ta ɗauka ta rubuta.

Injiniya, abu ɗaya nake da shi da nake kamo yarinyar nan da shi in ta zame, tun tana ƙarama. Ka sa na zuba maka shi sau uku a cikin kwamfutarka, ka haɗa shi da dariyar mutane, ka mayar mata. Kar ka turo Baffa. Kar ka turo saƙo. Kar ka zo min da wani sabon abin takawa. Kujerar robar tana baranda inda ka bar ta. Ka zo ka zauna, ka dube ni, ka gaya min abin da kake kallo a cikin kyamarar nan lokacin da 'yata take kirana. In ka gama, ka gaya min da wace murya zan kira ta yanzu.